Wai Ina Suke Kai Gwaggo a Fim?

Ku matso kusa, 'yan uwa, ke kuma auta rage ƙarar wayar nan, akwai abin da ya daɗe yana cina a rai tun da ciwon kallon fim mai dogon zango ya kama mu gaba ɗaya. Don Allah a cikinku wa ta taɓa ganin gwaggo a fim? Ban da wadda ake ɗaukowa daga ƙauye da ƙullin kaya a ka don a yi mata dariya fa. Gwaggo ta gaske nake nufi, irin wadda muka sani, wadda in ta yi sallama a zaure ubanmu da kansa yake gyara zama, wadda ba a sa ranar aure sai an aika mata, ba a buɗe akwatin lefe sai tana zaune ta miƙe ƙafa, in kuwa aka kuskura aka buɗe ba ta nan, to shekara za a yi ana ba da haƙuri. Kun yi shiru ko? Ai na sani. Gidan fim gida ne na mutum uku ko huɗu: Alhaji da babbar riga a kan kujera, Hajiya a gefensa tana kaɗa ƙafa, 'ya ɗaya tilo tana kuka a ɗaki, sai mai gadi da aka ajiye a bakin ƙofa don ban dariya. Shi ke nan wai an gama dangi. Oh ni 'yasu, sai ka ce daga sama suka faɗo!

Kada wata ta ce na tsani fim, ku ne shaiduna, ni ce mai hana ku barci in sabon zango ya fito. Ai da abin nan muka tashi. Tun da 'yan wasan Tumbin Giwa suka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 ƙofa ta buɗe, kaset ya riƙa biyo hanya har ya iso mana Yelwa, ya gangara Wara, ya haura Shanga, ya shiga jirgi ya tsallaka tungayen bakin ruwa. Kun tuna gidan mai bidiyo a unguwa, yadda tsakar gida ke cika har yara su hau katanga, a yi karo-karon kuɗin man janareto, mu da muke kwana muna tashi a bakin ruwan da ake samar wa ƙasa wuta da shi? Da Sangaya ya fito a 1999, Ali Nuhu ɗan sarki, Fati Muhammad yarinyar da ke aiki a gidan, wace ce a cikinmu ba ta kama tsintsiya tana shara tana karairaya ba, wai ko Allah zai sa wani ɗan sarki ya biyo ta layinmu? Yanzu kuwa ko tashi ba ma yi, a aiki yaro shagon caji a turo zango guda, kowa ta shige gidan sauro da wayarta tana dariya ita kaɗai. Wayyo, zamani riga.

Ashe ba mu kaɗai muke kallon ba, har masu nazarin zaman jama'a sun zuba ido. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nuna cewa abu uku ne fim ɗin Hausa bai cika rabuwa da su ba: auren dole, da rikicin mutum biyu a kan son mutum ɗaya, da rawa da waƙa. Wani Bature kuma, Brian Larkin, da ya zauna Kano a shekarun 1990, ya bi sawun ƙaunar da Bahaushe ke yi wa fim ɗin Indiya, ya ga ba don kyan 'yan matan kawai ba ne, don damuwarsu irin tamu ce: yarinya tana son wani, iyaye sun zaɓa mata wani, ga biyayya ga zuciya, a rasa wadda za a bi. Gaskiya suka faɗa, mu da muka sha kuka a kan Sumayyar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ai ba sai an yi mana bayani ba. Amma ku lura da wani abu, ƙawayena. Duk ukun nan wurin da zumunci ya tsage ne. Kyamara ba ta zuwa gidan mutane sai ranar da ake faɗa. Ranakun da ake zaune lafiya, ana aika tuwo gidan kawu, ana zuwa duba jikin inna, ana riƙon ɗan 'yar uwa shekara goma ba a taɓa ce masa ba nan ne gidanku ba, waɗannan ba su da kasuwa. Hmm, Allah Sarki.

Wani abin kuma kuɗi ne, kada mu ɗora wa masu fim laifin da ba nasu ba. Mai shiri hayar gida yake yi ta 'yan kwanaki, kowane ɗan wasa da sallamarsa da abincinsa, to wa zai biya gwaggo bakwai da kawu biyar su zo su zauna su yi shiru? Ga shi kuwa a gidan gaske rabin ikon manya a shirun yake. Sai aka tattara iyali aka zuba a falo, tun da falo yana da haske, yana da kujeru, mutum uku za su iya zama su yi ta magana har kaset ya cika. Gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa maza masu aure suke noma tare, rumbu ɗaya, tukunya tana zagayawa tsakanin matan gida, wannan ba ya shiga falo ko an matsa shi.

Mu kuwa mutanen bakin ruwan nan, in akwai waɗanda suka san cewa fasalin gida yana sauya fasalin zama, mu ne. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya hau, ya cinye gungaye da garuruwa da gonakin albasa, aka tashi mutum sama da 40,000 aka mayar da su sababbin matsugunai, aka gina musu gidajen siminti. Ku tambayi tsofaffinmu, har gobe in suka fara labarin tsohon gari sai muryarsu ta sauya. Ba ginin kawai suke kewa ba. A tsohon gida kowa ya san inda ɗakin amarya yake daga ɗakin uwar miji, wa ke jin tarin wa da dare, ta wace ƙofa suruki zai bi don kada ya yi kiciɓis da surukarsa. Siminti kuwa ba ya haihuwa, iyali ne ke haihuwa, shi ya sa za ku ga an manna ɗakin ƙasa a jikin na siminti, an ja zana nan, an buɗe ƙofa can, har gida ya koma yadda mutanensa suke so. To yanzu ga wani sabon fasalin ya zo, shi kuma ba gwamnati ta kawo shi ba, ta waya ya shigo. Saurayi yana son ciki da falo can nesa da gidansu, budurwa kuma tun a zance take rada masa cewa ita fa ba za ta zauna da uwar miji ba. Ban ce fim ne kaɗai ya jawo ba, akwai boko, akwai aikin albashi, akwai tsadar hatsi da ta sa tukunyar gandu ta yi nauyi. Amma fim ne ya shafa wa abin fenti ya sa masa labule. Ke da kike murmushi, na san sharaɗin da kika kafa, kada ki sa in tona!

Ku zo mu je wajen biki, nan ne abin dariyar yake. A fim ɗaurin aure minti ɗaya ne: a nuna maza a kan tabarma, a shafa Fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, sai kawai ga mu a katafaren ɗakin taro, ango da amarya a kan kujerar sarauta ana yi musu liƙi. Ina na-gani-ina-so? Ina gaisuwar iyaye, da sa rana, da kai lefe da 'yan karɓa suna ɗaga zane ɗaya bayan ɗaya suna taɓe baki? Ina kamu, ina lalle, ina tsohuwar da ke wankan amarya tana yi mata faɗan da ba a maimaitawa a gaban yara? Ina jere, ina sayen baki, ina buɗar kai, ina gara? Mu mun san dalilin da ya sa aka jera matakan nan da yawa haka, ko da ba mu taɓa zama mun faɗa ba. Kowane mataki rabon wani ne. Wannan na gwaggo ne, wannan na dangin uwa, wannan na ƙawaye, wannan na abokan ango, wannan na kakanni da za su zo su ce ai matarsu ce aka ƙwace. Kafin a kai yarinya ɗakinta an sa hannun mutum hamsin a cikin auren, kuma duk wanda ya sa hannu ya ɗauki nauyi, ranar da aka samu matsala ba zai ce ba ruwansa ba. Haka ma gudunmawar biki da muke yi wa juna, ki kawo mini yau, in nawa ya wuce naki ya zo in ninka miki, ai bashi ne da ba a so a gama biya, don ranar da aka gama biya ranar ƙawance ya mutu. Masana da manyan digiri suna rubuta littattafai a kan wannan, mu kuwa a ƙullin bakin zane muke ajiye lissafinsa, ba ma kuskure ko na naira ɗaya.

Sannan wane fim ne ya taɓa nuna kai amarya ta ruwa? Ku tuna yadda abin yake in aka aurar da yarinya tsallake: jirgi ya cika da mata, ga katifa an naɗe, ga kwalla da kwanuka an ɗaure, ga turmi, ga amarya a lulluɓe a tsakiya tana sheshsheƙa, guɗa tana tashi tana bin ruwa, mai jirgi yana ta roƙon a daina tashi tsaye, uwar amarya kuma tana can bakin gaɓa ta juya baya wai ita ba kallo take ba. Duk tsiyar darakta bai isa ya shirya irin wannan ba. Muna da Rigata, tseren jiragen da ake taruwa a yi a gaban Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, masu kyamara suna zuwa su ɗauka, amma jirgin amarya, wanda ya fi kowanne labari a ciki, yana wucewa ba mai kallo sai mu. Kai, ni har tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, fim bai kwaikwaye mu ba, sai mu muka koma kwaikwayonsa. Yanzu in babu anko ba a yi biki ba, in babu mai kwalliya amarya ba ta fito ba, sai an je situdiyo an yi waƙa da sunan ango da amarya irin yadda Ali Jita ya saba wa mutane, sai an saki Ado Gwanja a taron mata har gwaggon da ta zo da carbi ta manta ta fara gyaɗa kai. Mai ɗaukar bidiyo ya zama shi ne alwalin taro, shi zai ce a tsaya, a sake shigowa, a sake rungumar uwa don hasken bai yi ba. Amarya ma ta koyi kukan da ba ya ɓata hoda, ta ɗan ɗaga kai sama ta dangwala hankici a gefen ido. Mu a zamaninmu kuwa kuka ake yi na gaske, da majina da komai, har sai an ɓamɓare ki daga jikin ƙofa. Mu tafa, 'yar uwa, kin tuna naki!

Akwai wata magana a ƙarƙashin wannan da ba kasafai muke yin ta ba sai mu ya mu. Wace ce a cikinmu in aka tona kakanninta ba za a tarar da Bagungiya ko Bakambariya ko Badukkiya ko Bashangiya ko 'yar Sarkawa ba? Ƙasar Yauri haka take, ruwa ya tara mu. Wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, ya zauna a nan a farkon shekarun 1970, har ya rubuta maƙala a 1975 a kan yadda Bagunge ke rikiɗa ya zama Bahaushe: ya musulunta, ya sauya harshe da tufafi da yadda yake neman aure, 'ya'yansa su tashi Yaurawa. Ya kuma yi rubutu a kan kokawar Gungawa, wadda take filin da samari ke nuna kansu. Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru kuma ga golmo, saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, ba akwati ba, gumi ne sadakin mutunci. A da, mai son ya koyi zaman Hausawa a fada yake koya, da kasuwa, da makarantar allo, da maƙwabta. Yau malamin yana cikin aljihu. Yarinyar da ke tungar da ko mota ba ta zuwa ta san yadda ake durƙusa wa miji da tire a Kano, ta san Hausar Kano har da lanƙwasarta, ta san me ake zubawa a lefen birni, amma ki tambaye ta yadda kakarta ta yi aure a kan gungu, sai ta yi dariya ta ce ita ina ta sani. Ba na cewa a koma baya, ni ma ba zan so a ce sai an yi kokawa a kaina ba, ko da yake, tsakani da Allah, da na so in ga ko maigidan zai iya kayar da ko mutum ɗaya. Hahaha, ku rufa mini asiri!

Sai kunya. Nan ne fim ya fi shan wahala, don kunya aikinta ɓoyewa ne, kyamara kuwa aikinta nunawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ce ko gwaggo za ta ɗauke shi ta raine shi, kuma duk wanda ya san mu ya san wannan kawar da kan ba ƙi ba ne, so ne da ya yi yawa har aka rufe shi. Baba ta Karo, tsohuwar nan da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta yi bayanin duk wannan dalla-dalla, da kunyar ɗan fari, da riƙo, da ƙawance. To yaya za a ɗauki hoton sunan da ba a faɗa ba? Sai fim ya zaɓi mai sauƙi, uwa ta dubi babban ɗanta tana kiran sunansa gatsau tana cewa tana ƙaunarsa, kakarmu tana gefe tana salati tana tafa hannu. Suruka ma haka. Tamu ta gaske za ta iya shekara ba ta ɗaga miki murya ba, da ido kawai da yadda ta amsa gaisuwa za ki san ko yau lafiya. Ta fim kuwa sai ta ci ɗamara ta shigo har uwar ɗaka. Allah ya jiƙan Saratu Giɗaɗo, Daso, da ta rasu a watan Afrilun 2024, ta iya taka wannan rawa har mata suna jin haushinta da gaske, alhali ita wasa take. Ni dai in ta zaro ido a talabijin har gyara ɗankwalina nake.

Amma fa, ku matso in faɗa muku a hankali, ina jin don wannan rashin kunyar ne muke son su. Abin da ba za mu iya faɗa ba, su suna faɗa mana shi da ƙarfi. Ku tuna Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da aka mayar fim a 1998: mace da 'ya'ya tara, miji ya hana cefane, ya auro wata, ya kore ta, ta koma sayar da abinci ta riƙe yaranta, da duniya ta juya masa baya kuma aka taru aka matsa mata ta koma. Mace nawa ce ta kalli wannan tana share hawaye da bakin mayafi tana cewa hayaƙi ne? Kuma kun san daɗin abin, sau da yawa da kishiyar ake kallo, tabarma ɗaya, kwanon gyaɗa ɗaya. In muguwar amarya ta fito a fim sai uwargida ta ce, kai, wasu matan dai ba su da tsoron Allah, ba ta kalli kowa ba. In muguwar uwargida ta fito sai amarya ta yi ajiyar zuciya ta ce Allah ya raba mu da zalunci. An yi faɗa an gama, ba wadda ta zagi wata, gobe a haɗu a madafa ana tambayar juna gishiri. Wallahi fim ya raba rigima a gidaje fiye da yadda masu yin sa suka sani.

Saki kuwa, kada ma a fara. A fim kullum takarda da biro suna aljihun miji kamar ya kwana da shiri, ya rubuta, ya miƙa, ta ɗora hannu a ka, a nuna ta tana jan akwati. Daga nan labari ya tafi wajen sabuwar budurwa. Mu kuwa mun san nan ne aikin ke farawa. Tun kafin a kai ga takarda akwai yaji, ki tafi gida ki zauna ki ƙi magana, uwa ta yi kamar ba ta gan ki ba, uba ya ce a ba ki abinci tukuna. Kwana biyu sai ga biko, an turo aminin miji ko yayansa da goro da 'yan kunya, a zauna a zaure, a kira kawu, in ta yi zafi a kira liman ko mai unguwa, a yi ta jan magana har kowa ya gaji da fushi. Wani auren sau uku ana ɗinke shi haka, ya zo ya yi shekara arba'in. Ba kullum ne abin yake daɗi ba, mun san waɗanda aka mayar da su gidan da bai kamata a mayar da su ba, don kawai kada a ce 'yar gidan wane ta kashe aure, kamar dai yadda aka yi wa Rabi. Hannun da yake ɗinkewa shi ne wani lokaci yake shaƙewa. Mun gani, mun yi shiru, wasunmu ma da mu aka je rakiya. Hmm.

Haihuwa a fim kuwa tawul ne fari da 'yar tsana a ciki, sai likita ya fito ya ce a yi murna. Ba goyon ciki, ba tafasa ruwa da asuba, ba ganyen darbejiya, ba tsohuwar da ke fyaɗa miki shi a baya kina ihu tana cewa ke raguwa ce, ba kunun kanwa, ba ƙauri, ba ragon suna da wanzami ran kwana bakwai. Kwana arba'in ɗin nan da ake mayar da mace gaban uwarta ta zama 'yar lele, a dafa mata, a ɗauke mata jariri ta yi barci, su ne hutun da yawancinmu muka taɓa samu a duniya. Ko da yake likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka gano yawan kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa, don haka a rage kanwar, a bar mana gatan.

Mutuwa ce ba na so mu daɗe a kanta. A fim waya ce za ta yi ƙara, a saki kofi ya fashe, a yi salati. Mu da ke bakin ruwa mun san wani irin zaman makoki da ba su sani ba, wanda ake zaune ana jiran ruwa ya dawo da mutum. A watan Mayun 2021, da jirgin nan da ya taso daga ɓangaren Neja ya nutse kusa da Wara da mutum sama da 100, gida nawa aka shimfiɗa tabarma ba gawa? Dangi ne suka riƙe mutane a lokacin, waɗannan gwaggonni da kawunnan da ba sa samun shiga fim, su suka zo suka kwana, suka dafa, suka zauna da masu takaba wata huɗu da kwana goma, suka raba marayu a tsakaninsu. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye na gaba. Amin, amin.

To, share hawayen, bari in ba masu fim haƙƙinsu. Tun da Arewa24 ta zo da Daɗin Kowa muka fara ganin tsakar gida irin tamu, da igiyar shanya da murhu da maƙwabciya mai leƙe, da Adama da Kamaye suna ta fama da talauci da juna, har kika ji kamar ki miƙa musu gishiri ta katanga. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya kawo mana abin da muka sani sarai, tsoho mai dukiya da tulin 'ya'ya kowa da uwarsa, kowa yana gaishe shi yana leƙen aljihunsa. Labarina na Aminu Saira kuma ya ba mu Baba Ɗan Audu, uban da kowace unguwa take da irinsa, wanda ake jin kunyar halinsa amma ba a iya cire shi daga dangi. Dogon zango ya ba su fili, yanzu akwai lokacin da za a bar mutum ya shigo ya gaisa har ya tambayi mutan gida. Saura su gane cewa Hausa ba ta ƙare a Kano ba, su ɗauko kyamara su zo su ci kifi.

Abu ɗaya ne fim ya fi mu kunya a kansa, shi ma dole aka yi masa. Tun da aka kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001 ake sa ido kada namiji ya taɓa mace, don 'yan wasa ba ma'auratan gaske ba ne. Sai ki ga mata ta yanke jiki ta faɗi sumammiya a tsakiyar falo, miji yana zagaya ta yana yarfe hannu yana kiran sunanta, yana ihu a kawo ruwa, amma ko yatsanta ba zai kama ba, sai an nemo wata mace daga maƙwabta. Baki kuwa a sake yake, abin da hannu bai yi ba harshe ya rama, masoyiyata, sahibata, hasken idona, har a gaban iyaye. Shi ne fa wani ƙanen maigidan wata ƙawarmu, ba zan faɗi tungar ba don kun san shi, sabon ango, ya sha fim ya ƙoshi, ya dawo daga su da yamma da kifinsa a hannu, ya shigo tsakar gida cike da mata, uwarsa tana zaune tana tsinar shinkafa, ya buɗe baki ya ce wa amarya, sahibata, ga wannan ki soya mana. Aka yi tsit. Amarya ta saki muciya ta shige ɗaki da gudu. Tsohuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, wace ce kuma Sahibatu, ko wata ka ƙaro ba a gaya mini ba? Yau shekara ta zagayo, yarinyar nan har ta haihu, duk tungar ba mai kiranta sai Sahibatu, har uwar mijin. Wayyo cikina, ku miƙo mini ruwa!